Babur Mai Caji Ba Ya Ɗaukar Taubashi

Aji huɗu na yi a makarantar boko, mahaifina ya zo ya cire ni, ya ce ciyawar gona ba ta san an shiga aji ba. Ina faɗin wannan tun da wuri don kada wani ya ga rubutuna a karkace ya ɗauka ban yi ilimi ba. Na yi. Aji huɗun zamaninmu, in aka ɗora shi a sikeli da digirin yaran yanzu, sai an ƙara musu dutse. Shi ya sa da girma ya zo hukuma ba ta bari na lalace ba, ta ba ni muƙami a fannin ilimi: ni ne mai gadin ƙofar wata firamare a Ɗanbatta, ni ne kuma mai buga ƙarfen shiga aji. Tsohon wilin mota ne a rataye jikin dalbejiya. In ban buge shi ba, ranar nan babu ilimi a unguwar. Hedimasta ya san haka, faɗa ne dai bai taɓa yi ba.

Ƙauyenmu ba shi da wani nisa da Ɗanbatta, amma in a ƙafa ne sai hantsi ya same ka a hanya. Gona ce jikin gona, gida bayan gida, babu inda za ka tofar da yawu bai sauka a shukar wani ba. Hanyar siririya ce tsakanin shingayen lalle, sai ka gangara wani rafi mai yashi, ka hau tudu, sannan ka ga kwalta.

Shekara ashirin da ɗoriya ina bin hanyar nan a kan tsohon babur ɗina, kuma ban taɓa bin ta ni kaɗai ba. A bayana kullum akwai taubashina. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yawo ba wando nake ce masa bawana, shi kuma daga baya ya laƙaba min ɗan aji huɗu. Baduku ne, gyaran takalma yake. Amalanken shanu ya bi ta kan ƙugunsa tun yana saurayi, tun daga nan ƙafar hagu jan ta yake yi. Wurin zamansa gindin wata bishiya ce daura da ƙofar makarantarmu. Ni in buga ƙarfe, makararru su kwasa da gudu, silifa su tsinke, shi ya ɗinka. Yakan gaya wa mutane wai shi ya ɗauke ni aikin.

Tsohon babur ɗin nan salansarsa a huje take. In na buga masa kik a ƙofar gidana, matar taubashin nawa da ke can ƙarshen ƙauye sai ta ce masa, “Tashi, jakinka ya yi kuka.” Kafin in iso ya fito da akwatin aikinsa yana tsaye.

“Direba, ka makara. Wata ran sallamar ka zan yi.”

“Hau, bawa. Ka zauna a ɗofane, kada ka sa min warin jima a kujera.”

Haka za mu tafi muna yi har kwalta, masu noma suna ɗago kai suna tambayar wa ya ci yau.

Shekarar da fetur ya fi ƙarfin talaka, ɗana na fari, mai sayar da kayan waya a Kano, ya zo da wani abu a bayan akori-kura. Fari fat, da 'yan tayoyi gajeru masu kauri, ba salansa, ba kik, ba tankin mai. Ya ce, “Baba, ka huta da 'yan bumburutu. Wannan caji yake ci, kamar waya.” Na ce a ƙauyen da ko turken wuta babu? Ya ce ya riga ya gama magana da mai cajin waya na bakin tasha, mai sola, in kai masa da safe in karɓa da azahar. Tsohon babur ɗina kuwa, motar da ta kawo sabon ita ta tafi da shi, wai da shi za a cika kuɗin. Maƙwabta sun taru suna sa wa yaron albarka, ni kuma in tsaya ina tambayar tsohon ƙarfe?

Washegari na isa ƙofar taubashina na tarar babu kowa. Na danna hon, ya yi wani ɗan kuka kamar ɗan tsako ya faɗa rijiya. Sai ga shi ya leƙo da ludayin koko a hannu.

“Innalillahi! Yaushe ka zo? Wannan wane irin munafuki ne, ya shigo unguwa ba sallama?”

Ya zagaya shi yana jan ƙafa, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya sunsuna.

“Ta ina yake fitar da hayaƙi?”

“Ba ya yi. Ilimi ne, ba za ka gane ba.”

“Abu yana ci ba ya fitarwa? Ɗan aji huɗu, ciwon ciki ne ajalin abin nan.”

Tunda na ce zan rubuta gaskiya, bari in faɗa: na ji daɗin babur ɗin. Malaman makaranta suka kewaye shi, hedimasta da kansa ya hau aka ɗauke shi hoto. A hanya kaji ba sa gudu sai na zo kansu, karnuka suka rasa abin yi wa haushi. Wata mai tallar fura ta waiwayo ta gan ni a bayanta, saura kaɗan ƙwaryar ta kife, ta ce, “Baba, ai sai ka riƙa gyaran murya.” Har baƙin tabarau na saya. Mutum mai jikoki, gemu fari, da tabarau irin na 'yan acaɓa. Matata ta kalle ni ta ce ko sabon ango za a yi. Na ce aikin gwamnati ne ya gaji haka.

Rafin nan shi ya fara tona mana asiri. A gaban babur ɗin akwai wani ɗan allo mai sanduna biyar, su ne ke nuna ƙarfin batir. In ni kaɗai ne sai ya ratsa yashin yana rausaya. In mu biyu ne da akwati, da mun shiga sai ya fara wani nishi, sanda ɗaya ta ɓace, ya tsaya cak. Dole taubashina ya sauka, ya ja ƙafarsa ya ƙetare yashin, ya hau tudun, ni ina sama ina jira ina kallon agogo. Tsohon babur ɗina bai taɓa sa mutumin nan ya taka yashin rafin ba, ko da kuwa da buhun gero muka haɗa. Shi dai dariya yake, yana haki yana cewa, “Wannan doki naka na mata ne.” Ni kuma ƙarfen makaranta yana can yana jirana.

Ranar da na makara karo na uku, hedimasta ya kira ni ofis. Sa'an ɗana ne, mai ladabi, irin ladabin da ya fi faɗa zafi.

“Baba, ni ba na son in yi maka magana. Amma yara sun yi minti ashirin suna tsalle a fili, kuma ranar masu duba makarantu suka zo. Akwai matasa masu takardar sakandare da ke zuwar min kullum a kan aikin nan. Ka taimake ni.”

A ranar kuma hadari ya rufe rana, solar mai caji ba ta kawo abin kirki ba. Muna komawa, kafin mu kai rafi sandunan suka ƙare. Wanda bai taɓa tura babur mai caji a jiƙaƙƙen yashi ba bai san nauyin zunubi ba. Ina turawa, ruwa yana dukanmu, shi yana biye da akwati a ka yana rera min kirari. Da muka isa gida na kira ɗana.

“Baba, ba na ce maka mutum ɗaya ba? Baffa da akwatinsa ai buhu biyu ne. Batirin nan shi ne rabin babur ɗin. In ya mutu, wallahi ba ni da halin wani.”

Bai taɓa ce min mutum ɗaya ba. Amma yaran yanzu in suka yi maka kyauta, har abin da ba su faɗa ba sun faɗa.

Na yi niyyar gaya wa taubashina, Allah shaida ne. Washegari da rana na same shi a gindin bishiyarsa muna cin rogo da ƙuli, mai shayi da wasu masu jiran gyara suna zaune. Na gyara murya.

“Ka ga, maganar gaskiya zan yi maka.”

“Jama'a ku matso! Yau za a ga abin da ba a taɓa gani ba.”

“Da gaske nake. Babur ɗin nan ba ya ɗaukar mutum biyu.”

“To mene ne abin damuwa? Sai ka riƙa biyo mu a ƙafa.”

Wurin ya kwashe da dariya, har mai shayi yana dukan tebur. Ni ma na yi. Me zan ce? Shekara sittin da wani abu ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Ranar da uwargidana ta rasu, mutane suna ta “Allah ya ba da haƙuri”, shi da ya zo sai ya zauna kusa da ni ya ce a hankali, “Baiwar Allah ta gaji da ganin fuskarka, ta huta.” A duk gaisuwar da aka yi min ita kaɗai ce ta shiga. Haka muke. Bakin da muka saba da shi ke nan, ba mu da wani. Yanzu ga magana mai nauyi ta zo, na ɗauko ta, na rasa inda zan ajiye ta.

Sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Bayan sallar magariba na ce masa batir ya ƙi karɓar caji, babur zai kwana biyu a wajen makanike, ni ma ɗan acaɓa zan nema a bakin kwalta. Ya ce, “Ban faɗa maka ba? Ciwon ciki.” Ya ce shi ma zai huta ya duba wakensa.

Akwai burtalin shanu da ya zagaya ta bayan gidansa ya ɓulle kusa da rafi. Lokacin dawa ta fi mutum tsawo. Da sassafe na turo babur daga zaure, na hau, na bi ta nan. Tsakanina da dangar gidansa bai fi taku goma ba. Ina jin rediyonsa, ina jin tarinsa, ina jin yana yi wa akuya faɗa. Shi bai ji komai ba. Abin da tsohon babur ɗina ba zai taɓa yarda ya yi ba ke nan, da ya tona ni tun daga ƙofar gida. Wannan kuwa ya wuce da ni sumul, kamar dama don irin wannan aikin aka ƙera shi. Na isa makaranta da sauran lokaci, na buga ƙarfe a kan kari, hedimasta ya ɗago min hannu. Gindin bishiyar da ke daura da ƙofa babu kowa. Yara masu tsinkakken silifa suka yi ta tambayata ina Baba mai gyara, na ce yana hutu.

Da la'asar in dawo ta burtalin, in shigar da babur zaure in rufe shi da tsohuwar tabarma. In mun haɗu a masallaci ya ce, “Yaya mai jiki?” In ce da sauƙi, ana jiran kaya daga Kano. Kwana biyu suka zama tara. Ni mai aji huɗu, a ƙauyen da kowa ya san kazar wa ta yi ƙwai yau, na ɗauka zan ɓoye farin babur. Na kuma manta damina ce, ƙasa a jiƙe take, kuma burtalin nan ya bi ta gefen gonar wakensa. Shi kuwa mutum ne da yake kallon sawu ya gaya maka akuyar wane gida ce ta shiga shuka. A duk yankinmu babu taya mai irin wannan zanen sai tawa.

Safiya ta goma, na sha kwanar dawa, sai ga shi a tsakiyar burtali, zaune a kan akwatinsa. Raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Na taka burki. Na buɗe baki in ce bawa ya tare wa ubangidansa hanya, maganar ta ƙi fitowa. Na jira nasa zagin. Na san yana da shi, kwana tara yana wasa shi. Da ya ce min ɓarawo, da ya ce min munafuki ya hau munafuki, da na sauka na durƙusa muka yi dariya aka wuce wurin.

Ya dafa akwatin ya miƙe a hankali, ya ja shi gefe cikin wake.

“Barka da asuba, Malam.”

Tunda aka haife ni bai taɓa ce min Malam ba.

“An gaya min, na ce sai na gani da idona, kada in ɗauki alhakinka. Wuce, kada ka makara. A sauka lafiya.”

Kuma na wuce. Wannan ne wurin da nake so mai karatu ya lura da shi, don a nan ilimina ya nuna kansa. Na duba agogo, na ga saura kwata, na murɗa hannu na wuce.

Da yamma na je gidansa. Ya sa aka shimfiɗa min sabuwar tabarma, wadda ake ajiye wa surukai. Aka kawo ruwa a kofin baƙi. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Na ce gobe ya shirya zan biyo ta ƙofa, in za a kore ni a kore ni, in batir zai mutu ya mutu.

“A'a, Malam, kada a ɓata maka aiki. Ai ka yi ƙoƙari, shekara da shekaru. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.”

Na ce to in riƙa ɗaukar masa akwatin, shi ya hau acaɓa. Ya ce kada in wahalar da kaina. Ya raka ni har bakin hanya yana jan ƙafa, abin da bai taɓa yi ba, da can daga zaune yake ce min in fita kada in saci wani abu.

Ya gwada zuwa Ɗanbatta ranar kasuwa kaɗai, a amalanken masu kai hatsi. Bai jure ba, girgizar tana tayar masa da ƙugun. Kafin a yanke gero wani mai gyara daga cikin gari ya kafa tebur a gindin bishiyar. Yara ba su da alƙawari, suka koma can. Yanzu taubashina yana ƙofar gida yana tufkar igiya, yana ɗinke takalman ƙauye, waɗanda masu su ke biya da “Allah ya sa albarka”. Na daina bin burtali, ta ƙofarsa nake wucewa. Ina rage gudu, yana ɗago hannu biyu.

Bayan kaka aka yi suna a gidan wani maƙwabcinmu. An yanka rago, maza sun cika tabarmi, ana rabon goro da waina, har da baƙi dangin mai jego daga wajen Kunci. Na hango taubashina yana tahowa. Na ce a raina yau a gaban jama'a dole ya rama, jininsa ba zai bar shi ya yi shiru ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Jama'a, kowa ya riƙe takalminsa, ga ɓarawon fata nan ya iso! Kai bawa, wa ya ba ka izinin hawa tabarmar 'ya'ya? Ja gurguwar ƙafarka ka koma wajen awaki!”

Irin wannan na faɗa masa ya fi sau dubu, a gidan biki da gidan makoki, kuma kullum sai ya mayar min da wadda ta fi ta zafi har a riƙa riƙe ciki. Ya tsaya. Ya riga ya cire takalmi ɗaya. Ya mayar da shi, ya ɗan rusuna.

“Ka yi haƙuri, Malam.”

Ya juya ya je can gefe inda aka ɗaure dabbobi, ya zauna a ƙasa.

Baƙin Kunci suna kallona, suna kallon tsohon da ke zaune a turɓaya. Mutanen ƙauyenmu duk sun san mu taubasai ne, amma babu wanda ya buɗe baki ya gaya musu, kowa ya sunkuyar da kai yana ɓare goro. Liman, wanda ya sha yin dariyar faɗanmu har rawaninsa ya kwance, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

“Malam, girma ya zo mana. A riƙa jin tsoron Allah a kan masu lalura.”

Na ce to. Aka kai wa taubashina waina a can, ya ci a natse, ya yi wa jariri addu'a. Da zai tafi ya zo har inda nake ya yi min sallama da hannu biyu, ya ce a gaida gida.

Babur ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau, kada wani ya ce na ɓata wa kaya suna. Tun da ya koma ɗaukar mutum ɗaya bai sake tsaya min a rafi ba, ban sake makara ba, ɗana yana ta yi wa abokansa talla da ni. A hanya nakan zagi taubashina a raina, tun daga shingen lalle har kwalta, sannan in gwada ba kaina amsar da zai bayar. Ba ta fitowa daidai. Tawa ba ta da gishiri, ashe duk shekarun nan shi ne mai iyawar.